Masu Toshe Yoyo da Garin Gilashi

Akwai wata na'urar samar da lantarki da ba ta da fistin, ba ta da farfela, babu abin da ke juyawa a cikinta, ba ta kuma ƙona mai da harshen wuta. Masana na taƙaita sunanta da haruffa huɗu, SOFC. A aikace batir ne na tangaran wanda ba ya mutuwa muddin ana shayar da shi gas. Zuciyarsa wani siririn falle ne na zirkoniya da aka gauraya da ɗan itiriya. Ta fuska ɗaya ta fallen ana hura iska, ta ɗaya fuskar ana tura haidurojin ko iskar gas. Idan zafi ya kai digiri 700 zuwa 850, oksijin ɗin da ke cikin iska sai ya ratsa jikin tangaran ɗin ɗauke da caji, ya je ya tarar da haidurojin a ɗaya ɓangaren. Tururin ruwa ya fito, lantarki ya bi waya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Walther Nernst na Jamus ya lura cewa zirkoniya na barin lantarki ya wuce idan ta yi zafi, a 1937 kuma Emil Baur da Hans Preis suka haɗa batir na farko irin wannan a Suwizalan. Na yanzu na iya mai da wajen kashi 60 cikin 100 na ƙarfin gas lantarki, abin da ƙaramin janareto ko a mafarki bai taɓa yi ba.

Falle guda idan yana aiki ba ya cika bolt ɗaya, wajen 0.7 zuwa 0.8 yake bayarwa. Don haka sai a jera su hawa-hawa, goma-goma har ɗari, tsakanin kowane biyu a sa farantin ƙarfe mai ɗauke da hanyoyin gas. Kowane hawa yana da baki huɗu da ramukan da gas ke bi, kuma dole a toshe kowane ɗayansu ruf. Haidurojin na cikin iskoki mafi ƙanƙanta, ƙofar da ido ba ya gani ta ishe shi. In ya sulale ya haɗu da iska a digiri 800, wuta ce ke kamawa a wurin, ta cinye ƙarfen da ke kusa. In kuma iska ce ta kutsa ɓangaren mai, nikel ɗin da ke fuskar fallen ya sha oksijin ya kumbura, ya tsaga tangaran. Hawa ɗaya ya lalace, jerin duka ya tashi daga aiki, tunda a layi ɗaya lantarkinsu ke bi.

To, da me za a liƙe? Roba ta ƙone tun kafin a yi rabin hanya. Walda kuwa za ta haɗe farantan ƙarfen biyu lantarki ya bi ta cikinta, an kashe batir ke nan. Ana neman abin da zai kama ƙarfe ya kama tangaran, ya hana gas wucewa, ya hana lantarki wucewa, ya jure iska ta gefe ɗaya da haidurojin mai tururi ta ɗaya gefen, ya kuma yi haka na tsawon sa'a 40,000 aƙalla, wato kusan shekara biyar ba hutu. Wahalar ta kai har kamfanin Westinghouse na Amurka ya kauce mata gaba ɗaya a shekarun 1980: ya ƙera nasa batirin da siffar bututu mai rufaffen gindi don kada a buƙaci liƙi a wuri mai zafi. Dabarar ta yi aiki, sai dai tsada da ƙarancin wutar da bututu ke bayarwa suka sa duniya ta koma ga fallaye, ta koma kuma ga ciwon kan liƙi. Wasu na matse falle-fallen maika a tsakani, wasu na liƙi da azurfa. Amma abin da ya fi karɓuwa shi ne wani zaren gilashi da kaurinsa bai wuce gashin kai biyu ko uku ba, kuma masu haɗa wannan gilashi su ne nake ganin ba a ba su haƙƙinsu na yabo ba.

Jarrabawarsu ta farko lissafi ce mai sauƙi. Komai yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, amma kowane abu da nasa gwargwadon. Ana auna shi da kashi nawa cikin miliyan abu ke ƙaruwa a kowane digiri. Zirkoniyar batirin tana da wajen 10.5. Ƙarfen Crofer 22 APU, wanda cibiyar bincike ta Jülich da kamfanin ThyssenKrupp VDM suka haɗa musamman don wannan aiki, yana da wajen 12. Gilashin taga 9 ne, Pyrex na ɗakin gwaji 3.3. Ɗauki faranti mai faɗin santimita 20 da ya huce da digiri 750: zai tsuke da milimita 1.8. Abin liƙi mai lamba 9 da ya sandare a jikinsa zai so ya tsuke da milimita 1.35 kawai. Bambancin bai cika rabin milimita ba, amma ƙarfe yana lanƙwasa, gilashi kuwa bai san lanƙwasa ba, karyewa ya sani. Saboda haka dole gwani ya haɗa gilashin da lambarsa za ta zauna tsakanin 10 da 12, ta kuma ci gaba da zama a nan bayan shekaru cikin wuta. Wannan sharaɗi na biyu shi ke raba gwani da ɗan koyo.

Aikin yana farawa da awo. Silika ce ƙashin bayan gilashin. Boron na sassauta shi, ya sa ya yi laushi da wuri ya kama jikin ƙarfe. Bariyom, ko sitironiyom, na ɗaga lambar miƙewa. Kalsiyom da magniziyom na gyara kauri, suna kuma da ta cewa kan irin kiristal da zai tsiro daga baya. Ɗan alumina kaɗan na jinkirta tsirowar kiristal. In ya yi yawa shi da kansa zai jawo wanda ba a so. Sodiyom da fotasiyom, waɗanda masu kwalba ba sa aiki sai da su, a nan ana ɗari-ɗari da su, don suna yawo cikin gilashi mai zafi suna ɗaukar lantarki. A zuba haɗin cikin kaskon filatinom, a narkar a wajen digiri 1,500, a tuttule shi cikin ruwan sanyi ya farfashe, a niƙa, a tankaɗe. Garin da ya fito a kwaɓa shi da wani danƙo ya zama kamar man goge baki, a zana shi a bakin faranti da sirinji mai bin umarnin kwamfuta, ko a buga shi ta raga kamar yadda ake buga rubutu a riga, ko a yi shi falle a yanka.

Wanda ya taɓa zuwa ƙasar Krobo a gabashin Ghana ya ga asalin dabarar da idonsa. Masu tsakiya na Odumase da Somanya sukan daka kwalabe su zama gari, su cika ƙananan mazubai na yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya, su sa a tanderu. Karan ya ƙone ya bar rami, garin kuma ya haɗe ya zama dutsen ado ba tare da ya narke ya zama ruwa ba. Aikin Masaga, masu gilashin Bida, daban ne, su narkar da gilashin suke yi su naɗe shi a sandar ƙarfe. Na Krobo shi ne ɗan'uwan abin da ake yi a Jülich: gari ne ke dunƙulewa. Bambancin shi ne tsakiya ba ta damu da ƙananan ramuka a cikinta ba, liƙin batir kuwa rami ɗaya da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ya isa ya kashe shi.

Yadda gari ke dunƙulewa abin sha'awa ne. Gilashi ba shi da wani digiri guda da za a ce a nan yake narkewa. A hankali yake sakin jiki. Daga wajen digiri 600 zuwa 700, gwargwadon haɗinsa, yake fara fita daga sandarewa, kowace ƙwayar gari ta zama kamar ɗigo mai tsananin kauri. Ɗigo kuwa a kullum so yake ya rage faɗin fatarsa, shi ya sa ƙwayoyi biyu da suka taɓa juna sai wuya ya tsiro a tsakaninsu, wuyan ya yi ta kauri, ramukan da ke tsakani su yi ta tsukewa har su rufe. Yakov Frenkel na Tarayyar Sobiyet ya rubuta lissafin farkon wannan haɗuwa a 1945, Mackenzie da Shuttleworth suka rubuta na ƙarshenta, lokacin da ramuka suka zama kumfa a rufe, a 1949. Abin da lissafin ke cewa a taƙaice: jan fatar ɗigo ke tura aikin, kaurin gilashi ke riƙe shi, ƙwaya kuma in ta fi ƙanƙanta ta fi saurin haɗewa. Da a nan zancen ya tsaya, da kowa ma gwani ne. A niƙa gari lilis, a ƙara wuta, shi ke nan.

Sai dai gilashi yana da wani hali. A cikinsa ƙwayoyin zarra a hargitse suke, an sanyaya su ne da gaggawa kafin su sami damar yin sahu. Da zarar zafi ya ba su sararin motsi, sai su fara neman sahun nan da aka hana su, su jeru su zama kiristal. Kiristal kuma ba ya kwarara. Zafin da ke sa gari ya dunƙule, shi ne dai ke sa kiristal ya tsiro, kuma tsirowar takan fara ne daga fatar ƙwaya, daidai wurin da ake buƙatar kwarara. In kiristal ya riga, kowace ƙwaya ta yi ɓawo mai tauri, haɗuwa ta tsaya cak, a sami liƙi mai kama da soso wanda gas ke ratsawa yadda ya ga dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gilashin da ya yi ɓawo ko an ƙara masa digiri 100 ba zai sake motsi ba.

Mai karatu zai ce to a haɗa gilashin da ba ya kiristal mana. Ai kuwa ana son kiristal ɗin, a nan ne gizo ke saƙar. Gilashin da ya yi laushin da zai cika kowane lungu a digiri 850, in ya zauna da laushinsa a digiri 800 na shekara da shekaru ƙarƙashin nauyin jeri, matsewa zai yi ya tsiyaye, faranti ya taɓa faranti. Ana so ya kwarara na sa'a ɗaya ko biyu, ya kama, ya toshe, sannan ya sandare ya zama rabi gilashi rabi tangaran, ya tsaya a haka har ƙarshen rayuwar na'ura. Mutane sun daɗe da sanin gilashi na rikiɗa haka. Réaumur na Faransa ya binne kwalabe cikin yashi da farar ƙasa ya gasa su kwana da kwanaki a wajen 1739, suka fito fari fat kamar tangaran, amma ba su da ƙarfi don bai iya sarrafa tsirowar ba. Sai a 1953 Donald Stookey na kamfanin Corning ya sa farantin gilashi a tanderun da ya nufa da digiri 600, ma'aunin ya lalace wuta ta haura 900. Ya buɗe yana jiran ya ga narkakken gilashi, ya tarar da farin faranti. Ya suɓuce daga hantsaki ya faɗi ƙasa, ya yi ƙara irin ta ƙarfe bai fashe ba. Daga wannan haɗari aka koyi shuka kiristal da gangan. Abin da masu liƙin batir suka ƙara a kai shi ne tsara lokaci: dunƙulewa tukuna, kiristal daga baya, kuma tazarar da ke tsakaninsu sau da yawa 'yan digiri goma-goma ce kawai.

Ga yadda suke auna wannan tazara, kuma a ganina nan ne aikin ya fi kyau. Ana matse ɗan gari ya zama dunƙule mai tsayin milimita 3 ko kusa da haka, a ɗora a kan faranti cikin ƙaramin tanderu mai taga, a haska fitila ta baya, kyamara na ɗaukar inuwarsa yayin da zafi ke hawa. Da farko inuwar ba ta motsi. Can sai ta fara tsukewa, a rubuta digirin. Ta yi ta raguwa har ta tsaya, a rubuta wannan ma, nan ne dunƙulewa ta kai iyakarta. Sai kusurwoyi su fara mulmulewa, dunƙulen ya zama ƙwallo, ya zama rabin ƙwallo, daga ƙarshe ya baje. María Jesús Pascual da Alicia Durán na Cibiyar Tangaran da Gilashi ta Madrid, tare da Miguel Prado, sun ɗaure kowace siffa da adadin kaurin gilashi a lokacin. A ma'aunin da zuma ke da wajen 100, farkon tsukewa na zuwa ne a kusan biliyan ɗaya, iyakar tsukewa a wajen miliyan 60, rabin ƙwallo a wajen 12,000. Wato da kallon inuwa kawai mutum ya karanta kaurin abin da ba zai iya taɓawa ba. A wata na'urar kuma ana ɗumama ɗan garin tare da ma'aunin zafi mai kaifi. Tsirowar kiristal na fitar da zafi, don haka layin da na'urar ke zanawa sai ya yi tozo a daidai wurin. A ɗora zanen biyu a kan juna, a cire digirin iyakar tsukewa daga digirin farkon tozo. In abin da ya rage yana da yawa, gilashin zai toshe kafin ya sandare. In kaɗan ne, ko ma tozon ya riga, a koma ɗakin awo.

Gwani kan gane matsala tun daga siffar inuwar. Dunƙulen da ya fara tsukewa ya tsaya a rabin hanya, ya yi ta riƙe kusurwoyinsa har digiri 1,000, kiristal ne ya kama shi. Wanda ya tsuke sannan ya fara kumbura, gas ne ya maƙale a ciki: ko ragowar danƙon kwaɓi da bai gama ƙonewa ba, ko iskar da ta narke cikin gilashin tun a kasko, wadda kiristal ke korowa yayin da yake girma.

Kowace dabarar faɗaɗa tazarar nan tana da kuɗinta. A niƙa gari sosai, ya yi saurin dunƙulewa, amma an ƙara yawan fata, fata kuma ita ce gonar kiristal. Ga ƙurar da duwatsun niƙa ke bari, wadda kowane ɗigonta iri ne. A bar shi da tsakuwa-tsakuwa, kiristal ya jinkirta, amma ramukan su yi girman da ba za su rufe ba. A hau da zafi da sauri, a tsere wa kiristal, don shi yana buƙatar lokaci. Amma jerin tangaran da ƙarfe ba ya jure gaggawa, digiri ɗaya ko biyu zuwa 'yan kaɗan a minti ake hawa da shi. A ƙara zafin liƙi, gilashi ya kwarara da kyau, ƙarfe kuma ya yi tsatsa, don haka da wuya a wuce 850 zuwa 950. Gaba kura, baya sayaki. Edgar Zanotto da abokan aikinsa a São Carlos ta Birazil sun haɗa lissafin da ke bin wannan tsere ƙwaya-ƙwaya, manya da ƙanana, yana rage fatar da kiristal ya riga ya cinye. Lissafin na rage yawan gwaji, amma bai hana kowa komawa tanderu ba.

A ce an ci wannan tsere. Saura tambayar wane kiristal ne ya tsiro, don ba duka ne 'yan gida ba. Gilashin G18 na ɗakin binciken PNNL da ke jihar Washington ta Amurka ya zama abin misali a nan, kusan duk mai wannan sana'a ya san haɗinsa: a ƙidayar ƙwayoyi, kashi 35 silika, 35 bariyom, 15 kalsiyom, 10 boron, 5 alumina. Akan liƙa da shi a digiri 850 na sa'a guda, a sauko 750 a riƙe na sa'a huɗu don kiristal ya kafu. Silikar bariyom da ke fitowa tana da lambar miƙewa mai kyau, ta dace da ƙarfe. Amma inda bariyom da alumina da silika suka haɗu, akwai wani kiristal da ake kira selsiyan, mai fuska biyu. Fuskar da ke fara fitowa lambarta 7 zuwa 8 ce, ana iya zama da ita. Da tafiya ta yi tafiya cikin zafi sai ta juye zuwa ɗaya fuskar, mai lamba 2.3. Liƙin da ya dace da ƙarfe ranar da aka yi shi, bayan sa'o'i ɗaruruwa lambarsa ta zame ƙasa, ba wanda ya sani sai ranar da aka kashe na'ura ta huce. Haka in silika ta yi yawa, kiristobalait ya tsiro, shi kuma yana tsukewa farat ɗaya a tsakanin digiri 200 da 270, lokacin da komai ya riga ya sandare babu mai ba shi hanya. Shi ya sa ba a yarda da gilashi don ya yi kyau a mako na farko. Sai an ajiye shi a tanderu sa'a 1,000 ko fiye, an fito da shi an haska da eksire an ga su wa suka tsiro, an yanka an duba a madubin lantarki, an sake auna miƙewarsa.

Sannan ga maƙwabta. Ƙarfen farantin yana ɗauke da kuromiyom kusan kashi 22 cikin 100, shi ke hana shi tsatsa. A bakin liƙi ta gefen iska, inda gilashi da ƙarfe da oksijin suka haɗu, bariyom na auren kuromiyom su haifi wani gishiri rawaya mai lambar miƙewa sama da 20. Wanda ya buɗe jeri ya ga rawayan zobe a gefen liƙi ya san inda tsaga za ta fara. Maganin da aka samo shi ne a shafe ƙarfen da siririn alumina kafin gilashi ya taɓa shi. Ta gefen mai kuma tururi na kwashe boron a hankali, ya bar gilashin da wani haɗin da ba shi aka auna ba. Wani darasin da ya fi waɗannan ɗaci an koye shi a Jülich a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da wasu jeri suka riƙa mutuwa da wuri. Da aka yanka aka bincika, sai aka tarar ɗan dalma kaɗan da ke cikin gilashin ya sa ƙarfen na ruɓewa ta ciki a gefen mai, yana kumbura, har tsatsar ƙarfe ta tsiro ta yi gada a kan liƙin, lantarki ya bi ta kai. A gwajin iska zalla ba a ga wannan ba. Sai da aka gwada da iska a gefe ɗaya, haidurojin mai tururi a ɗaya gefen, kamar yadda abin yake a cikin na'ura, sannan cutar ta bayyana. Gwajin fuska biyu ya zama farilla ga duk mai son a ɗauki gilashinsa da muhimmanci.

Daga nan hanyoyi suka rarrabu. Ƙungiyar José Ferreira a Jami'ar Aveiro ta Fotugal, da ta Federico Smeacetto a Turin ta Italiya, sun bi gilashin da ke tsirar da dayofsaid, kiristal na kalsiyom da magniziyom da silika, don a rage bariyom ko a rabu da shi. Wasu na zuba zaren zirkoniya ko ƙurar azurfa cikin garin don tsaga in ta taso ta ci karo da abin da zai tare ta. Raj Singh, a lokacin yana Jami'ar Cincinnati, ya juya tambayar ne gaba ɗaya: tunda tsaga ba makawa, a bar gilashin da laushinsa, in ya tsage da sanyi ya warke da kansa idan zafi ya dawo. Ra'ayin yana da kyau, ya kuma nuna yana aiki, sai dai gilashi mai laushi sai an yi masa shinge kada ya gudu, kuma hana shi kiristal na shekaru wani yaƙin ne. Ni dai na fi gamsuwa da matsakaiciyar hanya da yawancin gwanaye ke bi: kiristal ya zama ƙashi, a bar wani kaso na gilashi a tsakaninsu ya zama jijiya, yana sassauta matsi yana ɗinke ƙananan tsagu. Nawa za a bari, kuma me zai rage a cikinsa bayan kiristal ya kwashe rabonsa, wannan kowane gida da sirrinsa.

Duk wannan shiri don rana ɗaya ake yinsa. A jera fallaye da faranti da zanen gilashi a tsakaninsu, a ɗora nauyi a sama, a rufe tanderu. A hau a hankali zuwa digiri 300 zuwa 500 a dakata, danƙon kwaɓi ya ƙone ya fita tun ramukan gari na buɗe. A ci gaba. Gari ya dunƙule, jerin duka ya nutsa ƙasa da 'yan milimita yayin da kowane zare ke matsewa, kuma dole nutsewar ta tsaya daidai inda fallen tangaran zai taɓa farantinsa lantarki ya sami hanya. In gilashi ya sandare da wuri, faranti ya rataye bai taɓa falle ba, an sami liƙi an rasa wuta. In ya yi ruwa da yawa, ya malala ya toshe hanyar gas. A riƙe, a sauko, kiristal ya kafu. Mai aikin yana waje, abin da yake gani kawai lambar zafi da lambar nutsewa. Ba a buɗewa a gyara, ba a kuma warware jerin da aka liƙe a sake. Bakin alƙalami ya bushe. Bayan nan a gwada yoyo, sau da yawa da iskar hiliyom, sannan a shiga zagayen zafi da sanyi, wanda shi ne ainihin alƙali, don liƙi da wuya ya mutu yana cikin zafi, a hanyar hucewa yake mutuwa.

Idan ana labarin waɗannan batura, masu fallen zirkoniya da masu sinadaran fuskokinsa ake ambata, su ke da lambobin da ke burge masu zuba jari. Mai liƙi ba shi da lambar da zai nuna sai sifiri, wato babu yoyo. Amma ina ganin a cikin na'urar duka babu wanda aka ɗora wa sharuɗɗa masu karo da juna kamarsa, kuma da gari guda yake biyan su, cikin hawan zafi guda. Na'urar MOXIE da ta tafi duniyar Mars a cikin motar Perseverance irin wannan jeri ce da aka juya aikinta, tana shan lantarki tana raba iskar kabon don ta fitar da oksijin a digiri 800. Liƙinta na gilashi ya jure girgizar roka da saukar Mars, ya jure hawa da saukar zafi a kowane aiki. Ta fara ba da oksijin ranar 20 ga Afrilu 2021, ta yi aiki sau 16, ta tara giram 122. A Jülich kuma an kunna wani ƙaramin jeri mai falle biyu, liƙe da gilashi mai kiristal, a watan Agusta 2007. Ya yi ta ba da wuta a digiri 700 na sama da sa'a 90,000, ba a kashe shi ba sai a farkon 2019.